Mata da Miji a Hanyar Gabas: Abin da Suka Saki da Abin da Suka Riƙe

Kafin jirgin sama ya mai da zuwa Makka tafiyar awa biyar, talakan ƙasar Hausa da ya ce zai tafi Gabas sallama yake yi wadda ba a sa mata ranar dawowa. Yakan biya bashi, ya bi gida-gida neman gafara, ya sayar da abin da zai sayu, gona kuma ya bar ta hannun ƙane ko ya jinginar. Daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya ya haura kilomita 3,000 ko da a miƙe aka ja zare, hanyar kuwa ba a miƙe take ba: Maiduguri, Fort Lami wadda yau ake kira Injamena, Abeshe, Adare, Junaina, Fashir, Ubayyid, sai a tsallake Nilu a nufi Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Masu hali suna da tasu hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa, har ya biya ta Ingila. Shi kuwa talaka ba ya tashi da kuɗin da zai kai shi, yana tafe yana nema, shi ya sa tafiyar ke cin shekaru. Da yawansu kuma da matansu suke tashi. Mutanen yau kan ɗauki wannan tafiya ko dai tsantsar imani da ba ya lissafi, ko kuma ganganci. Duka biyun ba su dace da abin da ya faru ba. Waɗannan ma'aurata sun san abin da suka saki, wato iko a kan lokaci da kuma dogaro da mallaka, sun kuma san abin da suka riƙe gam, wato sana'a da aure, kuma riƙon ne ya sa sakin ya yiwu.

A fara da zargin ganganci, tunda shi ne ya fi saurin zuwa baki. Ai hajji a kan mai iko ya wajaba, me ya kai wanda ba shi da ko jaki? Amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Katsina. Sauran mazhabobi sun fassara iko da samun guzuri da abin hawa, amma Malikiyya, wadda ita ce tamu, ta faɗaɗa shi. Muhtasar na Shaihu Halil ya nuna cewa wanda zai iya tafiya da ƙafa, yana kuma da sana'ar da za ta riƙe shi a hanya, to yana cikin masu iko ko da ba shi da guzuri da abin hawa, muddin akwai aminci ga rai da dukiya. Ke nan wanzamin da ya rataya zabira ya fuskanci gabas bai saɓa wa karatun garinsu ba, karatun ne ma ya gaya masa cewa askarsa guzuri ce. Malaman nan kuma sun san labarin da Buhari ya kawo daga Ibn Abbas, na wasu mutanen Yaman da ke zuwa hajji hannu rabbana suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka su koma roƙo, har aya ta sauka a Suratul Baƙara tana umarni da yin guzuri. Ba za a ce babu mabarata a hanyar Gabas ba, akwai su, musamman makafi da tsofaffi. Amma ginshiƙin ayarin masu aikin hannu ne.

To me ya sa da mata? Akwai dalilin shari'a wanda ba a cika tunawa da shi ba. Mutumin da ya tafi ya bar matarsa, shekara ta zagayo ba wasiƙa ba saƙon baki, ya jefa ta cikin halin da ba ita ce matar aure ba, ba kuma bazawara ba. A fiƙihun Malikiyya, matar wanda ya ɓace sai ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10 kafin ta sami damar wani aure. Mai tsoron Allah da ya san tafiyarsa za ta iya wuce haka yana da zaɓi biyu na mutunci: ya sawwaƙe mata tun kafin ya tashi, ko ya ce ta ɗaura niyya su tafi. Ita ma matar farilla ce a kanta in ta sami iko, kuma a zamanin da ba hukuma ba jirgi, samun miji mai niyyar tafiya shi ne kusan ƙofar da ta rage wa macen da ba 'yar sarauta ba, ba 'yar attajiri ba.

Sai dalilin ciki, wanda shi ne ya fi nauyi. Gwauro a hanya duk abin da ya samu a bakin tukunyar wasu yake ƙarewa. Mai mata kuwa duk zangon da suka sauka gida ne ya sauka, kuma hannu biyu ke nema. Damina ta riske su a Wadai ko Darfur, sai su nemi sarkin zango ya haɗa su da mai gona, miji ya yi ƙodago ko ya ari fili ya shuka gero da gyaɗa. In rani ya yi ya ɗauki sandar ga-ruwa, ko ya zauna bakin kasuwa yana ɗinki, yankan farce, ko rubutun sha in almajiri ne. Ita kuma ta kafa murhu a ƙofar bukka tun da asuba, ta soya ƙosai ko waina, ta dama fura, ta soya gyaɗa, ta yi wa matan gari kitso. Cinikinta na yau da kullum shi ke ci da gidan, abin da miji ya samu a kakar amfani kuma a ƙulle shi a bakin zane ko a ɗinke cikin matashi don kuɗin zango na gaba. In zazzaɓi ya kayar da ɗaya, ɗayan ya riƙe tukunya. Duk wanda ya ci agashe a kasuwannin Sudan, naman da ake bugawa a shafe da yaji da ƙuli, ya ɗanɗani ɗaya daga cikin sana'o'in da mutanen hanyar nan suka dasa can. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aka sami babban zangon da ke haɗiye dubban masu tafiya, domin tsinkar auduga aiki ne da miji da mata da yara duk ke shiga.

Abin da suka saki fa? Lokaci. Alhajin yau ya san ranar tashinsa da lambar kujerarsa da ranar da 'yan'uwa za su tarye shi. Su kuwa ba su san ko shekara uku za su yi ko goma sha uku ba, ba su san wanne cikinsu zai binne ɗan'uwansa a gefen hanya ba, ba su san ko jaririn da aka haifa a Abeshe zai ga garin kakanninsa ba. Wanda ya taɓa jiran albashin wata ɗaya ya makara ya san yadda zuciya ke ƙin rashin sanin rana. A ce mutum biyu sun yarda su zauna cikin wannan rashin sani shekara da shekaru, suna tashi kullum su yi aikin ranar, wannan shi ne tawakkali a ma'anar da malamai suka ba shi: a yi sababi, a bar sakamako. Ibadar da suka nufa ma tana ɗauke da wannan darasi, domin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa tunawa ne da matar aure, Nana Hajara, wadda ta yarda da hukuncin Ubangiji da aka bar ta a kwarin da ba shuka, amma yardar ba ta hana ta kai da kawowa sau bakwai tana neman ruwa ba.

Akwai suka mai ƙarfi a nan. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, amma a wannan hanya sannu ta hana mutane da yawa zuwa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar mutanen har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Masu zuwa daga baya suka yi ta sauka a irin waɗannan garuruwa, wasu suka wuce, wasu ba su sake ɗaga ƙafa ba. Bawa Yamba, masani ɗan asalin Ghana, ya zauna da irin waɗannan mutane a yankin Jazira, kuma a littafin da ya fitar a 1995 ya bayyana jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan, ba su taɓa ganin Makka ba, amma suna kiran kansu matafiya da ke kan hanya. Ya lura suna guje wa gina gida mai ɗorewa, sun kuma fi son noman raba-daidai da a rubuta musu gona da sunansu. Mai suka zai ce wannan yaudarar kai ce, an yi zaman dirshan ana kiransa zango. A wani ɓangare yana da gaskiya: bashi, haihuwa, tsufa da sabo sun danne niyyoyi da yawa, kuma ba kowane jinkiri ne na Allah da Annabi ba. Sai dai mai yaudarar kansa yakan zaɓi ƙaryar da za ta sauƙaƙa masa rayuwa, su kuwa sun zaɓi wadda ta hana su ginin bulo da takardar gona. Mutumin da ke biyan irin wannan farashi shekara da shekaru don kada niyyarsa ta mutu, da wuya a ce wasa yake yi. Kuma Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i, ya yi alkawarin lada ga wanda ya fita gidansa don Allah mutuwa ta riske shi kafin ya isa, abin da duk wani almajirin hanyar ya sani.

Suka ta biyu game da mata ce: wa ya tambayi ra'ayinsu? Babu shakka akwai yarinyar da aka ɗaura wa aure aka ce ta ɗauki ƙullinta, ba ta da ta cewa, ta rabu da uwarta rabuwar har abada. Haihuwa a bukkar zango ba ungozomar gida ba ƙaramin haɗari ba ne, kuma kafin Saudiyya ta haramta bauta a 1962 an sha samun rahoton yara da matan matafiya da suka faɗa hannun masu sayar da mutane a gaɓar teku. Wannan ba abin da za a shafa wa mai ba ne. Abin da kawai za a ƙara shi ne hanya takan sauya ma'aunin gida. Matar da cinikinta ke ci da iyali a baƙon wuri, ba dangin miji a kusa, tana da bakin magana a kan yaushe za a tashi da ina za a sauka, fiye da yadda za ta samu a cikin babban gida a Kano. In kuma Allah ya kai su ya dawo da su, sunan Hajiya nata ne, da ƙafarta ta samo shi.

Motoci sun fara rage tsawon tafiyar tun wajen ƙarshen shekarun 1940, lokacin da attajiran Kano irin su Alhaji Mahmud Ɗantata suka shiga jigilar maniyyata, daga baya jirgin sama ya karɓe. Duk da haka J. S. Birks, a binciken da ya wallafa a 1978, ya tarar talakawa na bin ta ƙasa har a lokacin. Yau biza da kason kujeru sun rufe wannan babi, shekarun jira kuma sun koma gida, inda mata da miji ke zuba adashin gata a banki har kuɗin kujera ya cika.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta 'ya'ya. Miji da mata suna iya yarda su saki gona da gida don kansu, amma jikan da ba a haifa ba bai shiga shawarar ba. A Sudan haƙƙin ƙasa a karkara yana tafiya ne da sarautar gargajiya ta ƙabila, kuma zuriyar mutanen Yamma, waɗanda ake kira Fallata ko Takari, sun daɗe suna shan wuya kafin a ba su takardar zama 'yan ƙasa, ko da kakan kakansu a can aka binne shi. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawan yankin sun nemi a ba su tasu sarautar, maƙwabtansu suka ce baƙo ba shi da ƙasar da zai yi sarauta a kai. Faɗan ya sake tashi a watan Oktoba a Wad al-Mahi, ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Ba daidai ba ne a ɗora wannan jini a wuyan tsofaffin da suka tashi da niyyar ibada, laifin na masu kisa ne da dokokin da suka mai da haifaffen wuri baƙo. Amma zaman wanda bai riƙe takardar fili ba ya bar zuriyarsa a fili lokacin da aka zo tambayar takarda. Yaƙin da ya tashi a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya bi ta kan Jazira da Sannar, birnin Wad Madani da ke Jazira ya faɗi a watan Disamba na shekarar, mutanen ƙauyukan da kakanninsu suka sauka a matsayin zango suka sake ɗaure kaya tare da sauran maƙwabtansu.