Rigakafin Shanu a Cikin Harawa

Duk wanda ya san kasar 'Yandoto, daga Tsafe zuwa Gusau har Bungudu, ya sani dukiyar talaka a kan kafa hudu take tafiya. Cututtuka uku ke yi mata barna tun zamanin jangali, watau ciwon huhu da saifa da harbin daji. Ko a watan Janairu na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar bullar saifa a wata gona a Jihar Zamfara.

Maganin rigakafi akwai shi, ana hada shi a Vom, inda aka kafa dakin binciken dabbobi a 1924. Wahalar tana wajen kai shi ruga. Na ciwon huhu ba ya jimre zafi, sai an rike shi cikin sanyi har bakin allura, kuma karfinsa ba ya dadewa, sai a maimaita kowace shekara. Ga shi kuwa yau akwai dazuzzukan da malamin dabbobi ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga.

To, masana sun yi wata dabara. Sukan ciro dan guntun gadon kwayar cutar, wanda ba ya sa ciwo, su dasa shi cikin tsiro. Tsiron ya girma yana kera alamar cutar a ganyensa. In dabba ta ci, jikinta ya gane alamar ya yi shirin yaki tun kafin cutar ta iso. A 1995 Charles Arntzen da abokan aikinsa a Amurka suka gwada haka da dankalin Turawa a kan beraye. A Jami'ar Guelph ta Kanada an sa alamar wata cutar huhun shanu cikin ciyawar kiwo, a Jami'ar Jawaharlal Nehru ta Indiya kuma an sa ta saifa cikin ganyen taba.

Amma kada malamai su gaya wa makiyaya abin ya iso. Tumbin saniya yakan narkar da yawancin maganin kafin ya kai hanji, inda ake bukatarsa. Ganye kuma ba mudu ba ne: wani ya dauki magani da yawa, wani kadan, babban sa ya ture maraki ya cinye rabonsa. Ko wanda Amurka ta yarda da shi a 2006, na cutar kaji, da allura ake ba da shi, bai kuwa shiga kasuwa ba.

A ganinmu Samaru ta Zariya ce ta cancanci gwada wannan aiki tare da Vom. Ita ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka gyara gadonsa don ya kori tsutsa. Harawa kuwa tana ajiyuwa a kan rumfa har bazara, ba ta neman kankara. Kafin a kai can, aikin akawu da malamin makaranta shi ne su sanar da ranar allura, su kuma hana a fede dabbar da ta fadi farat daya, gama ta haka saifa ke kama mutum.