Kati Ya Wuce, Kilishi Ya Tsaya: Abubuwan Mamaki Daga Gidan Waya

A ce mutumin garin El Alasan Mairairai ne, ɗansa na karatu a Faransa. Ya shiga gidan waya a Tasawa ko Maraɗi riƙe da katin gaisuwa tsirara, ko ambulan babu. Ba wanda zai miƙo masa takardar duwan: ya rubuta adireshi, ya lasa tambur ya manna, shi ke nan. Amma ya kuskura ya haɗa da ɗan zobe ko ƙullin yaji, zance ya sauya. Saƙo ya zama haja. Sai ya faɗi abin da ke ciki, nauyinsa, kuɗinsa, kyauta ce ko ta sayarwa, ya kuma sa hannu.

Takardar nan sunanta CN22, ƴar ƙarama da ake mannawa a jikin ƙunshi. Tana da yaya, CN23, ta kaya masu tsada. Iyakar da ke tsakaninsu ba da sefa aka yanka ta ba. Da wani ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda babu mahalukin da ya taɓa sa shi a aljihu: guda 300, wajen dala 400 ke nan. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta canjin goro ba.

Kilishin Tasawa, duk da sunan da ya yi, ba shi da izinin shiga Tarayyar Turai ta gidan waya. Dokarsu ta hana nama da kayan madara a saƙon da ya fito daga ƙasashe irin namu. Cuku ma haka. Ka rubuta gaskiya a takarda a ƙwace, ka ɓoye a gano a ƙwace, gaba kura baya sayaki. Uwa ta ɗaure tsarabarta da kyau, ɗa can yana haɗiyar yawu, ƙarshenta kayan a bola suke kwana.

Mu nan Nijar muna cewa tambur, ƴan'uwanmu na Katsina da Kano suna cewa kan sarki. Dalili kuwa a fili yake: na zamanin Ingilishi kan mai sarautar Ingila ne a jikinsu. Na farko a duniya ya fito a 1840 da kan Sarauniya Biktoriya, kuma har gobe Birtaniya ba ta rubuta sunan ƙasarta a kan tambur. Kan mai sarauta ya ishe ta shaida.

Namu na farko kuwa aro ne. A 1921 Faransawa suka ɗauko tambur na wani yanki da suke kira Haut-Sénégal et Niger, mai hoton mutum bisa raƙumi, suka buga masa "Territoire du Niger" a kai. Sai a 1926 aka yi wa Nijar nata na kanta, har da mai hoton ganuwar sojan Damagaram da mai jan ruwa a rijiya.

Katin gidan waya na farko Ostiriya ta fitar da shi, ranar 1 ga Oktoba 1869. Babu hoto, gefe ɗaya adireshi, ɗaya gefen saƙo, kowa na iya karantawa.

Ƙungiyar gidajen waya ta duniya an kafa ta a Bern ta ƙasar Suwizalan a 1874, Nijar da Najeriya suka shiga a 1961. Harshenta na hukuma Faransanci ne, shi ya sa ko a Zariya ka sayi ambulan mai ja da shuɗi a baki za ka ga "Par avion".

Amurkawa sun taɓa aika ɗiya ta gidan waya. A 1914 wata yarinya ƴar shekara biyar, May Pierstorff, aka maƙala mata tambur na santi 53 a riga, ta shiga taragon wasiƙu zuwa wurin kakanninta a jihar Idaho. Ya fi tikitin jirgin ƙasa araha. A 1958 kuma dillalin lu'ulu'u Harry Winston ya aika shahararren dutsen nan Hope daga New York zuwa Washington cikin ƙunshin takarda. Kuɗin tambur dala 2.44, sauran dala 142 da ɗoriya na inshora ne.

Ranar 29 ga Agusta 2025 kuma Amurka ta soke rangwamen da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba, gidajen waya na ƙasashe da dama suka dakatar da aika mata ƙunshi. Dokar ta Amurka ba ta taɓa wasiƙu da kati ba.

Saboda haka, Malam, in gaisuwa ce ka aika kati abinka. Kilishin kuwa a ajiye wa yaro sai ya zo hutu.