Bayan makarantar musamman, sai ina?

Muddin yaro mai nakasa yana makaranta, akwai mai kula da shi. A makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a Kano, ko ta makafi da ke Gindiri a jihar Filato, wadda aka buɗe tun 1953, ba a rasa malamin da ya iya maganar hannu ko rubutun makafi. Ranar da aka sallame shi ce matsalar ke somawa. Sai ya dawo gida ya zauna a zaure, shekara ta zagayo, har wani daga cikin dangi ya ce ai gara ya fita bara.

Muna da wuraren horar da malamai: Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, da sashen ilimin musamman a Jami'ar Bayero da ta Jos. Amma a ganina ƙarfin horon ya fi karkata ga aji da allo. Wanda muke ƙarancinsa shi ne malami ko jami'in walwala da aka koya wa yadda zai riƙe hannun matashi daga makaranta har ya tsaya da ƙafarsa.

A ɗauki kurman da aka kai shagon tela. Maigidan yana bayani kansa a sunkuye kan keke, yaron bai ga bakinsa ba balle ya gane. Kafin wani lokaci sai ka ji ana cewa, "Yaron nan ba ya ɗaukar koyo." Da akwai ma'aikacin da ya san aikinsa, da ya fara zama da telan, ya ce masa, "Maigida, ka riƙa fuskantarsa, ka nuna da hannu," sannan su tsayar da alamar almakashi, da ta awo, da ta kuɗin ɗinki. Haka budurwa makauniya take buƙatar wadda za ta koya mata bin hanya da sanda ba ɗan jagora, da riƙe kuɗinta, da wurin kai ƙara idan wani ya nemi cin zarafinta. Wannan na ƙarshe iyaye kan ji nauyin faɗa, miyagu kuwa sun san da haka.

Doka tana bayan masu nakasa. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai doka ba ta cike wa kowa fom.

Don haka iyaye, kada ku jira shekarar ƙarshe. Tun yaro yana ƙaramar sakandare ku je wurin shugaban makarantar ku tambaya: wace sana'a ko karatu ake shirya shi a kai, kuma wa zai bibiye shi bayan ya fita? Shi ma yaron a tambaye shi abin da yake so.