Wane Ne Ke Kwance a Kabarin Edlington?

A maƙabartar Edlington, wani ƙauye da a da yake na masu haƙar kwal, kusa da Doncaster a arewacin Ingila, akwai wani kabari da ya shafe kusan shekara 67 babu dutse, babu suna. An binne mai shi a watan Disamba na 1930, kamar yadda ake binne duk matalaucin da bai bar kuɗin jana'iza ba. Abin da aka sani game da shi kaɗan ne: sunansa Arthur Wharton, baƙar fata ne, yana da shekara 65, kuma lebura ne a mahaƙar Yorkshire Main. To me ya kawo baƙin mutum wannan ƙauye a wancan zamani?

Masu bincike, musamman marubuci Phil Vasili, sun bi diddigin sunan. Da aka buɗe tsofaffin jaridu sai ga wani Wharton a Landan, a filin Stamford Bridge, cikin watan Yuli na 1886. Wannan saurayi ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 10 a gasar ƙasa, abin da aka ɗauka a matsayin bajintar duniya a lokacin. Jaridun sun ce daga Darlington ya zo, kuma baƙi ne. Suna ya dace, launi ya dace, shekaru ma sun dace. Sai dai tsakanin zakaran gudu da leburan kwal akwai rata mai faɗi.

Aka bi sawu zuwa Darlington. Nan aka tarar ɗalibi ne a kwalejin Cleveland, kuma shi ne golan ƙungiyar ƙwallon garin. Wani abin ɗaure kai ke nan: wa zai ajiye wanda ya fi kowa gudu a bakin raga? Amsar tana cikin dokokin zamanin. Kafin 1912 gola yana da damar taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filinsu, kuma an yarda 'yan gaba su bangaje shi. Aikin mai zafin nama ne da ƙarfin hali. Wharton ya yi suna wajen naushin ƙwallo ta yi nisa, har Preston North End, wadda ke tashe a lokacin, ta ɗauke shi. Da shi ta kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1887.

Saura asalinsa.  An haife shi ranar 28 ga Oktoba, 1865, a Jamestown da ke Accra, a ƙasar da a yau ake kira Ghana. Mahaifinsa, Henry Wharton, fasto ne ɗan tsibirin Grenada. Mahaifiyarsa, Annie Florence Grant, 'yar babban gida ce a cikin Fante. A 1882 aka tura shi Ingila ya yi karatu ya dawo ya yi aikin mishan. Wasa ya ja shi, bai zama fasto ba.

Daga nan labarin ya miƙe. Hukumar ƙwallon Ingila ta halatta biyan 'yan wasa a 1885, kuma a 1889 Wharton ya sa hannu da Rotherham Town a kan albashi. Baƙar fata irin su Andrew Watson, wanda ya buga wa Scotland a 1881, sun riga shi shiga fili, amma a lokacin ba don kuɗi suke bugawa ba. Shi ya sa ake kiran Wharton baƙin mutum na farko da ya mai da ƙwallo sana'a. A 1894 ya koma Sheffield United, ya buga a rukuni na ɗaya, sai dai wani ƙaton gola matashi, William Foulke, ya ƙwace masa wuri. Ya ratsa Stalybridge Rovers da Ashton North End, ya rataye takalmi a Stockport County a 1902.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi ɗaci: yaya irin wannan mutum ya ɓace? Albashin ƙwallo a wancan zamani bai fi na ƙwararren ma'aikaci sosai ba, kuma babu fansho. Ya riƙe gidajen giya, giyar kuma ta riƙe shi. Ingila ba ta taɓa kiransa tawagarta ba duk da masu cewa ya cancanta, wasu jaridu kuma da launinsa suke kiransa maimakon sunansa. Ƙarfi ya ƙare, ya shiga tura kwal. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A 1997 ƙungiyar Football Unites, Racism Divides ta Sheffield ta tara kuɗi aka kafa dutse a kan kabarin. Littafin Vasili ya fito a 1998. A 2003 aka shigar da Wharton zauren gwarzayen ƙwallon Ingila, a 2014 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a St George's Park, inda tawagar ƙasar ke atisaye. Tawagar da ba ta taɓa kiransa ba, yau ta gabansa take wucewa in za ta shiga fili.