Rumbun Ƙarfe A Cikin Jiki, Da Abin Da Ke Faruwa Sa'ad Da Zazzaɓi Ya Yi Tsanani

Sau da yawa uwa takan zo ɗakin magani da yaro mai zazzaɓi, ta ce idonsa ya yi fari, a ba shi maganin ƙarin jini. Mu kuwa sai mu ce ta dakata tukuna. Wata takan tafi da fushi, tana tsammani rowa muka yi. Ga dalilin.

A jikin babban mutum akwai ƙarfe kamar giram 3 zuwa 4, watau nauyin ƙaramar ƙusa. Mafi yawansa yana cikin jini, shi ke sa jini ya yi ja, shi ke ɗaukar iskar da muka shaƙa. Sauran kuwa jiki yakan adana shi a hanta da saifa da ɓargo, cikin wani abu da likitoci ke kira feritin. Wani masani mai suna Laufberger ya fara fitar da shi daga saifar doki a 1937. Feritin kamar rumbu yake. In aka ɗebi jini aka auna aka ga ya yi ƙasa, an san rumbun ya kusa ƙarewa.

To, ba mu kaɗai ke son ƙarfen nan ba. Ƙwayoyin cuta da yawa ba su hayayyafa sai da shi, har da na zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka da zarar cuta ta shiga, sai jiki ya yi abin da dagaci mai hankali zai yi in ya ji labarin mahara: a kwashe hatsi daga masussuka, a zuba a rumbu, a liƙe. Hanta takan hana hanji shan ƙarfe daga abinci, wanda ke yawo cikin jini kuma a tsare shi. Sai feritin ya hau, alhali jinin yana ƙaranci. Maganin ƙarin jini da aka sha a wannan hali, kaɗan ne zai shiga jiki, kuma yana iya zama abinci ga maƙiyi. An ga haka a tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda sauro ya yi yawa. Aka ba yara dubbai ƙarfe kullum, waɗanda aka kwantar a asibiti suka ƙaru, har aka tsai da ba su. An bayyana wannan a 2006.

Wani lokaci kuwa yaƙin da jiki ke yi yakan wuce gona da iri. Kumburi ya bazu, hanta ta ji rauni, rumbunan su fashe, feritin ya kwarara cikin jini. A annobar korona ta 2020, likitoci sun lura yawancin waɗanda ciwon ya kai su gargara feritin ɗinsu ya ninka na mai lafiya sau da yawa. Haka aka gani ga masu zazzaɓin dengi mai tsanani da masu Ebola. Shi ya sa likita yakan auna shi, kamar mai duban hayaƙi don ya san girman gobara.

Ku a gida ba ku da abin awo, amma kuna da ido. In zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko numfashi ya yi wuya, ko ido ya yi rawaya, ko jini ya fito ta hanci ko dasashi, ko majinyaci ya rikice, a kai shi asibiti ran nan. Kada a jira ranar kasuwa. Kada a sayo masa maganin ƙarin jini wurin mai talla. Mai amosanin jini da aka sha ƙara masa jini ma, sau da yawa ƙarfe ya yi masa yawa, kada a ba shi sai likita ya ce.

Amma fa kada mai ciki ta ji wannan ta watsar da ƙwayoyin da aka ba ta wurin awo. Ita lalle tana bukatarsu. Ta sha, ta kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya kama ta, ta zo a duba ta.

Bayan an warke, sai a cika rumbu: hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo, a haɗa da lemo ko tumatir. Shayi kuwa a jinkirta shi, gama yana hana ƙarfen abinci shiga jiki. In har yaron bai murmure ba, a komo da shi, a lokacin za mu duba tsutsar ciki, mu ba shi maganin.