Takalmi da Jaka: Ribar da ke Wuce Majema da Dukawan Kano

Kano — A shekarun 1950, matar da za ta je liyafar dare a birnin Paris ba ta cika ado ba sai takalminta da jakar hannunta da safar hannunta sun dace da rigarta. Gidajen ɗinki irin su Christian Dior ne suka kafa wannan ƙa'ida. Roger Vivier, wanda ya tsara wa Dior takalma daga 1953 zuwa 1963, shi ya shahara da takalmi mai tsinin dunduniya, yayin da Salvatore Ferragamo ya ɗaukaka sana'ar a Italiya.

Irin wannan aiki yana buƙatar fata mai laushi da ƙarko wadda ke karɓar rini, kuma a nan ne jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna. Tun kafin zuwan Turawa, fatake suna ƙetara Sahara da jemammun fatun ƙasar Hausa zuwa Arewacin Afirka, inda Turawa suka saya suka raɗa musu suna fatar Maroko. Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin muhimman kayan da birnin ke fitarwa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya akalar cinikin zuwa Legas.

Har yau majemar gargajiya na jima da bagaruwa a cikin birni, manyan masana'antu kuma na aiki a Challawa da Sharaɗa da Bompai. Sai dai mafi yawan abin da ake fitarwa fata ce, ba takalmi ko jaka ba. Italiya da Sifen na saye, su yanka, su ɗinka, su liƙa tambarinsu. Ribar tsari da ɗinki da suna, wadda ita ce mafi tsoka, can take zama.

Abin takaicin shi ne kasuwar na nan a gida. Da wuya a haɗa lefe ba tare da saitin takalmi da jaka ba, ga kuma ankon biki. Amma mafi yawan saitin da ake gani a kasuwanni daga Sin da Italiya ake shigo da shi, da kuɗin waje.

Matsalolin sanannu ne. Rashin kula wajen fiɗa da cututtukan fata na rage darajar kaya tun daga mahauta. Cin ganda na lashe ƙiragan shanu. Dukawa kuma na fama da ƙarancin wutar lantarki da injuna da jari, ga rashin daidaiton awon ƙafa, wanda babban dillali ba ya yafewa.

A 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata, kuma cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Samarun Zariya na horar da matasa. Abin da ya rage shi ne masu hannu da shuni su haɗa majemi da baduku da mai zane a ƙarƙashin tambari guda, su fara da kasuwar lefe kafin su hangi Paris. Muddin ba a yi haka ba, akuyar tamu ce, ribar kuwa ta wasu.