Idan Masu Tambayoyin Lafiya Suka Yi Sallama



Wata rana kina iya jin sallama, ki ga mace riƙe da 'yar kwamfutar hannu, ta ce daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take. To, binciken lafiyar iyali ne, wanda aka fara a Nijeriya a 1990. A na 2018, mata sama da dubu 41, 'yan shekara 15 zuwa 49, aka tattauna da su. Ba kowane gida ake shiga ba, zaɓe ake yi kamar ƙuri'a, yadda kike ɗanɗana cokali ɗaya ki san gishirin tukunya. Mace ce za ta zauna da ke, sunanki ba ya fita a rahoto, kuma ba dole ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen lissafin haihuwa. Wata kunyar ɗan fari kan sa ta tsallake shi. Wata kuma ba ta son tuna jaririn da ya koma tun ba a yi suna ba. Wallahi na san da ciwo. Amma in kowacce ta ɓoye nata, lissafi zai nuna kamar jarirai ba sa mutuwa a yankinmu, sai a kai ungozoma da magani wani wuri. Haka zancen awo: in sau biyu kika je, kada ki ce huɗu don a yaba miki. In ta zo kan rigakafi kuwa, ɗauko mata katin yaran ta duba da kanta.